Rumbun Irin Baba Zira

Makon jiya na bi ta bayan Kolere zan kai ƙarfen injin niƙana walda, sai na ga sun rushe rumbu na ƙarshe da na sani a wajen. An jibge bulo a gurbinsa. Na tambayi magini me za a yi, ya ce sito ne, mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin maigida, ɗaya wurin ƙanensa, don kada ɗaya ya buɗe ba ɗaya. Na ce Allah ya sa albarka, na wuce. Ban ga laifinsu ba. Ni kaina yanzu in mace ta kawo niƙa ta ce mudu uku ne, sai na auna a gabanta, ita ma in na gama sai ta ɗaga buhun ta jijjiga tana kallon idona. Haka muka koma. Tun shekarar rikicin da muka watse muka bar garin nan a guje, muka dawo muka tarar da kayan wani a ɗakin wani, ba wanda ya ƙara yarda da maƙwabcinsa har cikin ransa. Gaisuwa dai ake yi.

Kada wani ya ɗauka yabon zamanin da nake yi. Da ma akwai ɓarayi, akwai masu rantsuwa a kan ƙarya, na san su, wasu 'ya'yansu ne manyan gari yau. Abin da ya dame ni daban ne. Yanzu kowa yana da amsa a aljihu. Mazan da ke zama a bencin ƙofar injina kowa da wayarsa a kunne, ana jin wani yana yanke hukunci, wannan daidai, wancan kuskure, tun mai tambaya bai rufe baki ba. Ni duk mai saurin amsa ina zarginsa. Ko dai bai taɓa shiga cikin abin ba, ko kuma yana da abin da zai ci a ciki. Na faɗi haka ne don ni an taɓa ɗora mini abu biyu a ka, kowanne wajibi, kuma ba yadda za a yi in sauke ɗaya ban zubar da ɗayan ba.

Lokacin gemu ya fara fito mini. Mahaifina daga Barno ya zo da fataucin bandar kifi, ya rasu bai bar komai ba sai kwanduna masu wari. Kasuwa ba ta karɓe ni ba, sai na shiga ƙodago a gonar wani dattijo Kirista, Baba Zira, mutumin dutse daga wajen Michika, wanda ya sauko neman ƙasar noma ya zauna a bakin gari. Damina shida na yi masa. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan lokaci sauti ne. Kafin rana ta fito za ka ji dutsen niƙa daga kowane gida, gurr, gurr, ana ja ana turawa, mata suna waƙa a kai da yarensu, wata ta ɗauka daga wannan zana wata ta amsa daga waccan. Sai kukan kurciya, sai shanu suna sauka mayo, wato rafi, sai masu nono suna shigowa da ƙorai a ka. In ka ji gida shiru da safe ba ƙarar dutse, ka san ko dai an yi mutuwa ko abinci ya ƙare, ba sai an gaya maka ba. Yau injina yana ruri daga safe har la'asar, ba ka jin komai a bayansa, maƙwabci zai kwana uku bai ɗora tukunya ba, ba wanda ya sani.

Baba Zira yana da rumbu uku. Babba na cin gida, na tsakiya na matarsa, sai ƙarami can gefe a kan duwatsu, na iri. Irin jigari ne, jar dawar nan mai saurin nuna, amma ba irin ta kasuwa ba, daga dutse ya sauko da ita a jakar fata, ubansa ne ya ba shi. Da kaka, kafin a fara yanka, shi kaɗai yake shiga gona da wuƙa yana zaɓen zangarniya, ya ɗaga, ya juya, ya murza ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori. Yini guda zai yi bai cika kwando biyu ba. Ni aikina in tankaɗe toka, mu shimfiɗa zangarniya mu barbaɗa, mu sake shimfiɗawa, har rumbun ya cika. Bakinsa a sama yake, ana hawa da tsanin itace mai reshe biyu da aka sassaƙa wa matakai. A ɗora faffaɗan dutse, a shafe da laka, a kifa hular ciyawa. A gidansa mace ba ta hawa wannan tsani. Yakan ce mini, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, wanda ya ci iri ya ci abincin shekarar da bai gani ba tukuna, kuma ba shi kaɗai zai ji yunwarta ba.

A damina ta huɗu ruwa ya ɗauke dawa tana ciki. Abin da aka samu bai kai rabi ba. Da bazara ta shigo mutane sun koma dafa ɗanyen mangwaro da busasshen ganyen tafasa. A cikin haka aka aiko daga dutse cewa yayan Baba Zira yana kwance, ana nemansa. Da safen da zai tafi ya sa na kwaɓa sabuwar laka, ya hau ya sake shafe bakin rumbun iri, sannan ya kira ni in hawo.

"Ɗan Barno, kawo hannunka."

Ya kama tafina ya danna a kan ɗanyar lakar har yatsuna biyar suka fito sarai.

"Ba a buɗe wannan sai ni. Ko matata, ko Tumba, ko fasto, ko limaminku."

Tumba shi ne ɗansa da ke zaune a gidan da matarsa mai tsohon ciki. Na ce, "Baba, me ya sa ni? Ga ɗanka."

"Ɗana yana da ƙishi. Uwarsa kuma yana da tausayi. Kai ba ka shan giya, ba ka da kowa a gidan nan. Ka ce ka yarda."

Na ce na yarda. Ya ce kwana goma zai yi.

Kwana goma suka wuce, ashirin suka wuce. Yayan nasa bai tashi ba, bai kuma cika ba. Matar Tumba ta haihu, namiji. Wata rana da hantsi ina gyara ƙotar fartanya a inuwar rumbun, sai Mama, matar Baba Zira, mai irin Hausarsa, ta zo ta durƙusa a gefena. Tsohuwa irinta ba ta durƙusa wa ɗan ƙodago, tun daga nan jikina ya ba ni.

"Ɗana, sannu da aiki. Ka san matar Tumba ya haihu. Yau kwana tara, nono ya ƙi zuwa. Ruwan ganye yake sha, ina nono zai fito? Babban rumbu ya ƙare, nawa ya ƙare. Saura wannan."

Na ce, "Mama, kin ji abin da Baba ya ce."

"Na ji. Lokacin da ya ce, yaro bai zo ba."

Gaskiya ban yarda da ita ba. Ni na taya cika babban rumbun, na san ko da ƙarancin shekarar ya kamata ya kai su faɗuwar ruwa in an yi tattali. Ya aka yi ya ƙare da tafiyar maigida? Kuma duk ranar kasuwa Tumba yana dawowa yana tangaɗi, mutumin da ba ya sana'ar komai. Kuma jigari ita ce dawar da masu dafa burkutu suke nema ido rufe. Kuma tana maganar ina ganin ƙafafun Tumba a ƙarƙashin zana, yana tsaye yana saurare. Na ce mata ta ba ni zuwa gobe. Na je tasha na ba direban motar Michika saƙo, amma na san daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙauyensu a kan dutse tafiyar yini ce, kuma ba wanda zai hau don maganar ɗan ƙodago. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Daga tasha na wuce wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai rumfar hatsi a kasuwa. Na zayyana masa. Bai bari na gama ba.

"Rumbu aka ba ka ko mutane? An ce maka ka ciyar da su? Ka sa hannu, ka ce ka yarda, magana ta ƙare. In ka taɓa, ka ci amana, kuma sunan gidanmu za a kira."

Na ce, "To Kawu, ka taimaka musu daga buhunan nan."

Ya juya yana karkaɗe buhu. "Ba tsohuwar ce mai jar akuyar nan ba? Ka ce ta zo da ita mu yi magana."

Da yamma na tsaya wurin wani dattijon cocinsu, wanda Baba Zira ke girmamawa. Shi ma bai yi jinkiri ba.

"Yaro zai mutu kana gadin laka? Buɗe, ɗana, ni zan tsaya maka in ya dawo." Na miƙe zan tafi ya riƙo hannun rigata. "In ka buɗe ka tuna da ni da ɗan kwano ɗaya. Nawa irin ƙwari sun cinye."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dukansu gaskiya suka faɗa. Alkawari wajibi ne, ban taɓa shakka ba, ba sai malami ya gaya mini ba. Barin jariri ya mutu kana zaune a gindin hatsi kuma, ko mahaukaci ya san ba daidai ba ne. Ba wanda ya koya mini ko ɗaya, kamar yadda ba wanda ya koya mini wuta tana ƙuna. Abin da na rasa shi ne wanda zai ce mini wanne ya fi nauyi a wannan gida, a wannan rana, kuma duk wanda na tambaya ya amsa mini ne hannunsa ɗaya a miƙe.

Washegari da rana tsaka na ce zan gani da idona. Namiji baƙo ba ya shiga ɗakin mai jego, don haka na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama ba tare da na sanar da kowa zan zo ba. Ba a amsa da wuri ba. A cikin shirun nan na ji yaron. Ba kuka ba ne. Wani ƙii ne siriri, kamar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba, ya yi ya tsaya, ya daɗe har ka ce ya ƙare, sannan ya sake. Mama ta ɗaga asabari kaɗan, na hango hannun uwar a kan tabarma, awarwaron da ke wuyan hannunta ya zame har gwiwar hannu. Ban yi wani tunani ba, ba zan yi ƙarya in ce na auna ba. Na dai tsinci kaina ina tafiya wajen tsani da fartanya a hannu. Alkawarin kuma bai tafi ko'ina ba, yana nan tare da ni muka hau. Na cire hular ciyawa, ga tafina a busasshiyar laka, yatsu biyar, har zanen tsakiyar hannu. Da ƙota na buga a kai. Ƙamshin toka ya taso.

Amma zargina bai kwanta ba don na ji kukan yaro. Na ɗebo zangarniya daidai ta kwano ɗaya, na sussuke da kaina, na sheƙe, na ce wa Mama a kawo dutsen niƙa nan gindin rumbu. Wanda bai san harkar ba ba zai gane ba. Burkutu sai da ƙwaya, a jiƙa ta ta tsira sannan a dafa. Gari ba ya tsira, ba mai sayensa don shuka, ba abin da za a yi da shi sai kunu da tuwo. Tumba ya gane nan take, ya fito daga ɗaki.

"Kai, Babarbare, hatsin ubana kake auna wa uwata da kwano? Ka zama maigida ke nan. Sai ka shiga ɗakin tsohon ma ka kwanta."

"In ya dawo ka gaya masa."

"Ba ni ƙwayar in kai inji a kasuwa. Ba ka ga bayanta ba? Tsohuwa za ka sa niƙa da yunwa?"

"Ni zan niƙa."

Na durƙusa na niƙa, kamar mace, gwiwa a ƙasa, matan maƙwabta suna leƙe ta saman zana suna dariya, wata tana cewa a nemo mini zane. Kullum haka, kwano ɗaya da safe, in niƙa, in tsaya har a dama kunun a shiga da shi, in hau in mayar da dutse in shafe da laka. Hannu dai ban sake ɗorawa ba. Tumba bai ƙara yi mini magana ba har na bar aiki a gidan. Shekaru da yawa ina jin daɗin wayon nan nawa. Yanzu da na fara tsufa nakan ce, wa ya sani, ƙila ranar bayan uwarsa ne da gaske ya dame shi, ni kuma na kunyata shi a gaban matarsa yana sabon uba. Ban gan shi yana ɗibar babban rumbu ba. Zato ne, kuma a kan zaton na yi masa hukunci.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne sauti. A unguwar da ba mai niƙa, ƙarar dutse ɗaya ana jin ta har bakin mayo. A kwana na huɗu sai ga Dudu, matar wani mai gyaran keke da ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Musulma ce, a masallaci ɗaya nake salla da mijinta. Ta tsaya nesa kaɗan, da kwano a ɓoye cikin mayafi.

"Ƙanena, na ji dutse."

Na ce, "Yaya, ba nawa ba ne."

"Na sani. Kwana biyu ke nan mangwaro nake dafa musu, ƙaramin ya fara zawo. Ga gidan can bayan bishiyoyi, zo ka gan su da idonka."

"Amana ce aka ba ni."

Ta dubi garin da ke kan dutse. "Wannan fa, naka ne?"

Na ci gaba da niƙa har ta tafi. Dalilina mai kyau ne, kuma har yau ba wanda ya iya karya mini shi: in na ba ta, unguwa duka tana bayanta, kwana biyu rumbun ya zama wayam, gonar da ke ciyar da gida guda da 'yan ƙodago ta tashi. Jaririn kuma jinin mai hatsin ne. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani dalilin a ƙarƙashi wanda ban gaya wa kowa ba. Na ƙi zuwa ƙofarta ne don na san in na je zan ji, in na ji kuma zan sake hawa tsani. Shi ya sa ko zuciyar nan da nake cewa ita ta nuna mini hanya, ita ma ina zarginta. Tana jin abin da ka kai ta ta ji ne kawai.

Nono ya zo bayan mako guda. Na ci gaba da niƙa don kada ya koma. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Sahuda lokacin da Baba Zira ya dawo, bayan an binne yayansa, ya rame, da sanda a hannu. Bai shiga gida ba. Kai tsaye ya nufi rumbun iri, ya hau, ya ɗaga hular ciyawa, ya ga laka sumul ba hannun kowa. Ya fasa, ya leƙa, ya daɗe kansa a ciki. Iri ya koma rabi. Ya sauko ya zauna a kan dutse. Ba wanda ya kira Mama, ta fito da yaron ta ɗora masa a cinya ta koma.

"Ɗan Barno. Ka ce ka yarda."

"Na ce, Baba."

"Ka buɗe."

"Na buɗe."

Ya sa yatsa a tafin yaron, yaron ya damƙe. "Da ina nan, da na buɗe tun kafin kai."

Na fara sakin numfashi.

"Amma ni ban sa hannu a laka ba. Kai ka sa. Bana rabin gona zai zauna ba shuka, ka sani?"

"Na sani."

"Wa kuma ya zo?"

Na gaya masa maganar dattijon cocin, ya yi tsaki. Na gaya masa ta Dudu.

"Ka ba shi?"

"Ban ba ta ba."

"Ka je ka ga yaran?"

"Ban je ba."

"Nan ka je. Can ba ka je ba."

Ya miƙa wa Mama yaron, ya sake hawa tsanin, ya ciko ƙwarya da zangarniya daga rabin da ya rage, ya miƙo mini.

"Kai masa. Kai za ka kai, ba Tumba ba. Gobe ka zo gona da fartanya. Rumbu kuma ka bar shi, kada ƙafarka ta ƙara taka itacen nan."

Damina biyu na ƙara yi masa, bai taɓa tada maganar ba, bai gode mini ba, bai zage ni ba, kuma bai sake ba ni ajiyar ko igiya ba. Ban taɓa ganin ya zalunce ni ba.

Na ɗauki ƙwaryar na bi ta bayan bishiyoyin mangwaro. Gidan Dudu zana ce ta faɗi gefe ɗaya. Na yi sallama, ta fito da ƙaramin a baya, babbar yarinyar tana riƙe da zanenta. Na ce Baba Zira ne ya ce a kawo. Ta ce in ajiye nan. Na duba tsakar gidan, na ce ina sauran yaran.

"Baffansu ya zo daga Sorau shekaranjiya ya ɗauki mazan biyu. Ya ce tunda na kasa, ba za su dawo ba."

Ta sunkuya ta ɗaga zangarniya ɗaya, ta busa tokar da ke jikinta, ta mayar.

"Ka gaida Baba Zira. Ka ce masa ya yi yawa, mu uku ne yanzu."